Bushiyar gida da tsutsar ciki: wa dokar Amurka ta ba ikon ba ta magani?

Bushiyar nan da yara ke tsokana da kara a bayan gari, ta dunƙule ta bar su da ƙaya, ita ce fa ake kiwo a ɗakunan kwana a Amurka. Irinta ce sak, mai yatsu huɗu a ƙafar baya, wadda asalinta dazuzzukan Afirka ne daga Senegal har Sudan. Can har keji ake saya mata. Ranar da ta fara zawo, ta daina cin abinci, kashinta ya koma kore da majina-majina, hankalin mai ita sai ya tafi kan tsutsar ciki. Daga nan kuma maganar ta zama ta doka.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ba ta amincewa da maganin dabba a dunƙule. Kowane magani da dabbar da aka gwada shi a kanta, da cutar da yake yi wa aiki, da yawan da za a bayar, duk a rubuce a jikin kwalinsa. Maganin tsutsa na fenbendazole, alal misali, an amince da shi don karnuka da shanu da dawakai. Bushiya kuwa babu maganin tsutsa ko guda da ke ɗauke da sunanta, domin babu kamfanin da zai zuba dukiya yana gwaji a kan dabbar da masu kiwonta ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka duk maganin tsutsar da ya shiga bakinta, an yi amfani da shi ne saɓanin rubutun kwali.

Kafin 1994, ko likitan dabbobi ne ya yi haka, a takarda ya taka doka, sai dai hukuma ta kau da kai. A shekarar ne Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar da ake kira AMDUCA a taƙaice, ƙa'idojin aiki da ita suka biyo baya a 1996. Ta halatta wa likitan dabbobi mai lasisi ya ɗauki maganin da aka amince da shi don wata dabba, ko don ɗan Adam, ya ba dabbar da ba a ambata ba. Likitan aka ba wannan izini. Mai bushiya ba ya ciki, sai in yana bin umarnin likita.

Izinin ma da sharuɗɗansa. Babba a cikinsu shi ne likita ya san dabbar da gaske: ya duba ta da kansa ba da jimawa ba, ko ya je inda ake kiwonta, har ya iya faɗin abin da ke damunta. Ya ɗauki nauyin jinyar, mai dabbar ya yarda zai bi umarninsa, kuma in magani ya tayar da wata matsala a same shi. Hoton kashi da aka tura ta waya ga likitan da bai taɓa ganin bushiyar ba bai cika wannan sharaɗi ba. Sannan sai lafiyar dabbar tana cikin haɗari, ko rashin jinya zai kai ta ga wahala ko mutuwa. A jikin kwalbar da za a ba mai ita dole a rubuta sunan likita da adireshinsa, sunan maganin, nawa za a bayar, sau nawa, ta wace hanya, har kwana nawa. Likita kuma ya adana bayanin jinyar shekara 2.

Wanda ya saba shiga kasuwa ya sayo wa akuyarsa ƙwayar tsutsa ba tare da tambayar kowa ba zai ce wannan tsirfa ce. Ni dai ina ganin dokar ta yi daidai, kuma sikeli kaɗai ya isa hujja. Bushiya mai nauyin giram 400 kashi ɗaya ce cikin 50 na kare mai kilo 20. Ƙullin garin maganin da aka auna don karen, yaya mutum zai raba shi gida 50 da bakin cokali? Shi ya sa ƙa'idojin suka yarda likita, ko mai haɗa magani bisa takardarsa, ya sirka maganin da aka amince da shi ya zama ruwa-ruwa, yadda za a iya auna ɗigonsa da ƙaramin sirinji.

Ga kuma batun gane cutar. Zawo ba kullum yake nufin tsutsa ba. Likita kan karɓi sabon kashi, ya dama shi a wani ruwa mai nauyi har ƙwayayen su taso sama, ya leƙa su ta madubin ƙara girma. Abin da zai gani yana iya zama koksidiya, ƙwayar da ba tsutsa ba ce, wadda maganin tsutsa ba ya taɓa ta. Yana iya zama Cryptosporidium, wata ƙwayar cuta mai wuyar magani, da kan tsallaka zuwa mutane. Wanda ya yi ta ɗura maganin kare bisa zato ya ɓata kwanaki ne, dabba mai ƙanƙantar jiki irin wannan kuwa zawo ba ya jira kafin ya tsotse mata ruwan jiki.

A 2004 an ƙara wata doka don ƙananan jinsuna. Ta ware manya bakwai, wato shanu, dawakai, aladu, karnuka, kyanwoyi, kaji da talotalo, duk sauran dabbobi ta sa su a rukunin ƙanana, ta kuma sassauta wa kamfanoni hanyar fito musu da magani. Bushiya tana wannan rukuni, amma har yau ta ƙofar 1994 ake yi mata jinyar tsutsa.

Dokokin biyu na tarayya ne, kuma magani kawai suka shafa. Ko an yarda mutum ya ajiye bushiyar tun farko, wannan hurumin jihohi da birane ne: a California da Hawaii da birnin New York haramun ne kiwonta a gida.