Waiwaye: Annobar Eyam da Kundin Cocin da Ya Gyara Labarinta

Eyam ƙauye ne a tsaunukan Derbyshire da ke tsakiyar Ingila. Sunansa ya fito a babbar ƙidayar filaye da Sarki William ya sa aka yi a 1086, kuma a harabar cocinsa akwai gicciyen dutse da ya girmi wannan ƙidaya. Noma da kiwon tumaki da haƙar dalma ne suka riƙe mutanensa ƙarni bayan ƙarni. Ita kuwa gundumar cocin ta fi ƙauyen faɗi, domin ta haɗa da Foolow da Bretton da ɓangaren Grindleford. Mazauna waɗannan ƙauyuka a Eyam ake yi musu baftisma da ɗaurin aure da jana'iza, can kuma ake rubuta sunayensu.

Rubutun ya samo asali ne daga 1538, lokacin da Thomas Cromwell, babban na hannun daman Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowace coci ta ajiye kundin waɗannan abubuwa uku. A 1598 aka ƙara da cewa a kwafe su a kan fata, a kuma riƙa aika wa bishop kwafi duk shekara. Kundin Eyam da ya tsira ya fara ne daga 1630, shekara 35 kacal kafin musibar da ta fitar da sunan ƙauyen a duniya.

A Satumbar 1665 aka kawo wa wani tela ƙunshin yadi daga Landan, inda annoba ke cin rayuka. George Viccars, yaron shagon da ya kwance kayan, shi ya fara mutuwa. Cutar ta lafa da sanyi, ta dawo da ƙarfi a bazarar 1666. Limamin cocin, William Mompesson, da wani tsohon limamin cocin, Thomas Stanley, suka shawo kan jama'a cewa ba shiga ba fita. Makwabta na ajiye abinci a bakin iyaka, mutanen Eyam na barin kuɗi cikin ruwan khal a ramukan dutse. Kowane gida ya binne nasa. Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'ya shida cikin kwana takwas, matar Mompesson ma ta tafi a watan Agusta. Kafin abin ya tsaya a Nuwamba, kimanin mutum 260 sun mutu.

Nan ne labarin baka da takarda suka rabu. William Wood, ɗan garin da ya rubuta tarihinsa a 1842, ya ce mazauna Eyam ba su wuce 350 ba, wato kusan ƙauyen ya ƙare ke nan. An daɗe ana maimaita wannan, don ya fi daɗin faɗi. Da masu bincike suka koma kan takardun harajin murhu na 1664, sai suka tarar da gidaje wajen 160, mutum kusan 800. Ke nan kashi ɗaya cikin uku ne suka mutu. Asarar ba ƙarama ba ce, amma kundin cocin ya nuna an ci gaba da aure da haihuwa bayanta, kuma gidaje da yawa ko mutum ɗaya ba su rasa ba. A ganina wannan lissafi bai rage wa mutanen Eyam daraja ba; Wood dai ya rubuta ne bayan shekara 176, daga bakin jikokin jikoki. Da wannan kundi aka gano zuriyar waɗanda suka tsira, har masana ƙwayoyin gado suka je suka gwada su a wajejen 2000.

Mai neman tushen danginsa a yau sai ya yi yawo kaɗan. Tsofaffin kundayen cocin suna ma'ajiyar takardun Derbyshire a Matlock. Wasiyyoyin da aka tabbatar kafin 1858 da kwafin da aka aika wa bishop suna Stafford, saboda a lokacin Derbyshire na ƙarƙashin bishop na Lichfield. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara ne ranar 1 ga Yulin 1837, ƙidayar farko mai ɗauke da sunan kowa kuma ta 1841 ce. Wanda kakansa mahaƙi ne ya duba takardun kotun Barmote, mai raba gardamar ramukan dalma, domin talakan da bai bar wasiyya ba yakan bayyana a can cikin rigimar rami. Duwatsun kabari kuwa ba su da amfani sosai ga shekarun annobar: an hana jana'iza a harabar coci, yawancin mamatan a gonaki da bayan gidaje aka binne su, kuma kaɗan ne alamarsu ta kawo yau.