Waiwaye: yadda caca ta kutsa har cikin zaben fidda gwani na majalisar Amurka

Yanzu a Amurka tun kafin jam'iyya ta tsayar da dan takarar majalisa zaka ga mutane na zuba kudi a shafukan intanet irin su Kalshi ko Polymarket akan wa zai samu tikitin. Ka sayi "eh" akan dan takara a santi 70 misali, in ya ci a baka dala daya cif, in ya fadi kudinka sun tafi, shikenan sai kafafen labarai su dauka suce wane yana da kashi 70 cikin dari na nasara. Su suna kiranta kasuwar hasashe, ni dai a wajena caca ce.

Abin ba yau ya fara ba. Tun karshen karni na 19 ake caca akan zaben shugaban kasa a Wall Street, cibiyar hada-hadar kudi dake New York, a 1916 lokacin takarar Wilson da Hughes an zuba kusan dala miliyan 10, daga baya kuri'ar jin ra'ayi tazo abin ya lafa. A 1988 jami'ar Iowa ta farfado da shi don bincike, amma ba wanda zai sa sama da dala 500. Intrade ta kasar Ireland tayi tashe, hukumar CFTC ta Amurka mai sa ido a irin wadannan kasuwanni ta makata a kotu a 2012, a 2013 ta rufe. PredictIt da tazo a 2014 ita ma a lokacin an daure mata kafa da iyakar dala 850. Polymarket kuwa tarar dala miliyan 1.4 aka ci ta a 2022, a lokacin aka ce ta rufe kofa ga 'yan Amurka.

Inda komai ya juya shine shari'ar Kalshi. A 2023 CFTC ta hanata bude caca akan jam'iyyar da zata rike majalisa, Kalshi ta garzaya kotu, a Satumbar 2024 alkaliya Jia Cobb ta bata gaskiya, a Mayun 2025 kuma hukumar da kanta ta janye daukaka karar da tayi. Daga nan kofa ta bude har kan kananan zabuka.

To anan ne abin yake damuna wallahi. Kujeru 435 ne a majalisar wakilai, kuma mafi yawansu jam'iyya daya ce ke rike da yankin, wato wanda ya ci fidda gwani kusan ya gama. Masu fita zaben basu da yawa, kuri'ar jin ra'ayi ta gaskiya tayi karanci, kudin dake cikin kasuwar ma kadan ne, kenan attajiri daya ko wani na kusa da dan takara zai iya tura farashi sama da 'yan dubban daloli, masu bada gudummawar kamfe su gani su dauka wancan ne mai tafiya, su janye hannu daga abokin karawarsa tun ba a jefa kuri'a ko daya ba.

Kuma irin wannan zabe ko na ciki ma yana shammatarsu. A Yunin 2014 Eric Cantor, shugaban masu rinjaye a majalisar wakilai, binciken da kamfe dinsa yayi ya nuna yana gaba da maki 34, amma Dave Brat, wani malamin kwaleji da ba kowa ya sanshi ba, ya kada shi a Virginia da kuri'u kusan dubu 36 akan dubu 29. Tazarar kuri'a dubu bakwai kacal ta sauke mutum na biyu a jam'iyyar Republican a majalisar.