Daga gajeren zango zuwa FM: yadda muryar rediyo take isowa Maradi

Duk wanda ya tashi a Maradi kafin shekarun 1990 ya san yadda ake farautar tasha: a zaro eriya har ƙarshe, a murza maɓalli a hankali tsakanin mita 19 da mita 25, a kara akwatin a kunne, murya tana zuwa tana komawa. Yau matashi yana latsa wayarsa ya ji FM tangaram, kuma ba kasafai yake tambayar abin da ya canza ba.

Aikin kowace tasha iri ɗaya ne a tushe. Makirufo yana mayar da muryar mai gabatarwa ƙaramin motsin lantarki, na'urar haɗa sauti ta daidaita shi, sannan a tura shi ga taransimita, wato injin watsawa, wanda yake ɗora sautin a kan igiyar iska mai ƙarfi, ya bi da ita ta kebul zuwa eriyar da ke kan hasumiya. Bambancin yana ga yadda ake ɗora sautin. A tsarin AM ƙarfin igiyar ne yake hawa da sauka daidai da murya, shi ya sa walƙiya ko injin niƙa na maƙwabta suke shiga cikin sautin da ƙara. A tsarin FM kuwa, wanda Edwin Armstrong na Amurka ya yi wa rajista a 1933, saurin kaɗawar igiyar ne yake canzawa, don haka yawancin wannan hayaniya ba ta samun ƙofa.

Gidan rediyon ƙasa ya fara aiki a Yamai a 1958, ya koma ƙarƙashin ORTN, hukumar rediyo da talabijin ta Nijar, a 1967, ya zama Muryar Sahel a 1974. Tsakanin Yamai da Maradi akwai tafiyar sama da kilomita 600, saboda haka gajeren zango ne ya ɗauki nauyin. Igiyarsa tana hawa sama ta bugi wani sashen sararin samaniya da hasken rana yake cajawa, ta dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwa ko dubban kilomitoci. Ta wannan hanya ce sashen Hausa na BBC, da aka buɗe a 1957, da na Jamus a 1963, da Muryar Amurka a 1979, suka shiga zaurukan Katsinar Maradi da Gobir, tare da Rediyon Kaduna da ya daɗe yana ƙetaro iyaka. Da yake wannan sashe na sama yana sauya hali tsakanin rana da dare, dole tashoshin su riƙa canza mita daga shirin safe zuwa na dare, kuma tsofaffin masu saurare sun haddace waɗannan lambobi kamar sunayen 'ya'yansu.

Bayan Taron Ƙasa na 1991 aka buɗe fagen ga 'yan kasuwa, tashoshi masu zaman kansu suka fara bayyana a Yamai a tsakiyar shekarun 1990, daga bisani irin su Anfani da Sarauniya suka iso Maradi, rediyoyin karkara kuma suka biyo baya. Dukkansu a kan FM suke, tsakanin megahaz 87.5 da 108. Wannan igiya miƙe take tafiya, ba ta dawowa daga sama, iyakarta inda tsayin hasumiya da ƙarfin injin suka kai ta, galibi 'yan gomman kilomitoci. Shi ya sa matafiyi da ya nufi Dakoro yake jin tashar garin tana shaƙewa sannu a hankali har ta ɓace.

A ganina, abin da aka samu ya fi abin da aka rasa, domin manomin Madarunfa yana jin farashin gero da sanarwar rasuwa da harshensa, yana kuma iya buga waya ya tofa albarkacin bakinsa. Sai dai nauyin da a da yake kan manyan injuna na ƙasashen waje ya dawo kan ɗan ƙaramin ɗaki a gindin hasumiya. Injin watsawa yana fitar da zafi sosai, kuma a watan Afrilu, idan fanka ko na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, ko dai ya rage ƙarfinsa ko ya ƙone. Ƙurar hunturu tana toshe ragar iskarsa, sai ka tarar da ma'aikaci durƙushe da buroshi yana kakkaɓe ta. Da damina kuma tsawa hasumiya take nema, in ba a binne wayar ƙasa da kyau ba, dare ɗaya ya isa a yi asarar kayan da sai an yi odarsu daga waje.

Sai kuma wutar lantarki. Layin da yake ciyar da Maradi daga Katsina yake fitowa, kuma lokacin da Najeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023, kowace tasha ta dogara ga injin wuta da kuɗin mansa, ko faifan hasken rana da batura ga wadda ta samu hali. Mai saurare da ya ji tasharsa ta yi tsit da tsakar rana yakan ɗora laifin a kan mai gabatarwa, alhali sau da yawa man injin ne ya ƙare.