Yumɓu a Cikin Roba: Me Ya Sa Yadda Aka Yi Zubi Ke Canza Ƙwarin Kaya?

Kujerar roba biyu daga kasuwar Marwa, kala ɗaya, nauyi kusan ɗaya, ɗaya ta yi shekaru, ɗaya ta karye kafin damina. Galibi ana ɗora laifin a kan haɗin robar. Amma hanyar zubi na da nata kason, musamman idan an zuba wa robar garin ma'adini.

Wane ma'adini ake sa wa roba?

Mafi yawa garin dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙa a Figil, sai talk (dutse mai laushi da ake yin hoda da shi) da farin yumɓu. A kayan kasuwa, rage kuɗi ne babban dalili, don garin dutse ya fi roba arha.

To idan garin ya yi ƙanƙanta har ana auna shi da nanomita (nano) fa?

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Akwai yumɓu mai suna montmorilonit, dangin wanda ke cikin baƙar ƙasar karal da ake dasa muskuwari a kanta. Ƙwayoyinsa falle-falle ne, kaurin kowane falle kimanin nanomita 1. A ƙarshen shekarun 1980 masu bincike na Toyota a Japan suka warwatsa shi cikin nailan. Da abin da bai kai kashi 5 cikin 100 ba, taurin robar ya kusan ninkawa, zafin da take jurewa kafin ta lanƙwashe ya tashi daga digiri 65 zuwa kusan 150 a ma'aunin Salsiyas.

Idan haɗin ɗaya ne, me zubi zai canza?

Abu biyu: warwatsuwar garin da inda fallayen suka fuskanta. Ƙwayoyin nano na son manne wa juna. Idan ba a murje su sosai ba sai su yi gudaji kamar tuwon da bai sha tuƙi ba, kuma daga gefen gudajin nan tsagewa ke farawa.

A zubin tunkuɗa, wanda ake yin bokiti da kujera da shi, inji na narkar da robar ya tura ta da ƙarfi ta ƴar ƙofa zuwa cikin mazubin ƙarfe. Kifa bokiti ka duba tsakiyar gindinsa, za ka ga ɗan tabo zagayayye. Nan ce ƙofar. Wannan gudu na jera fallayen su bi hanyar kwarara, musamman a fatar kayan da ke saurin sanyi. Sai kayan ya yi ƙwari ta wannan fuska, ya yi rauni a gicciye.

A zubin dannawa kuwa, ana sa robar tsakanin faranti biyu masu zafi a matse. Babu gudu sosai, don haka ƙarfin ya fi daidaituwa a kowane ɓangare na faifan. Sai dai gudajin da ya shigo, haka zai fita. Zubin juyawa na tankunan ruwa, inda ake juya mazubi mai zafi garin roba ya narke ya manne a jikinsa, ya fi kowanne wannan matsala, tunda babu matsi ko murza.

Ina kayan ya fi saurin karyewa?

A layin haɗuwa. Duk inda narkakkiyar roba ta rabu biyu ta zagaye rami, kamar hujin mariƙin bokiti ko ragar bayan kujera, sai ta sake haɗuwa a gaba. Ɗaga kayan a hasken rana, za ka ga siririn layi kamar gashi. A wurin, fallayen na kwanciya a jikin layin maimakon su tsallake shi su ɗinke ɓangarorin biyu. Garin da ya ƙara ƙarfi a ko'ina, a nan rage shi yake yi. Mai inji na rage wannan da ƙara zafin mazubi ko sauya wurin ƙofa.

Ƙarin gari ƙarin ƙarfi ne?

A'a. Tauri daban, jure duka daban. Idan yumɓun nano ya wuce ƴan kaso kaɗan, gudaji ke yawaita, roba ta yi gautsi.

Rana mai zafi irin ta Njamena fa?

Ita ba ruwanta da irin zubi. Haskenta na tsinka sarƙoƙin ƙwayoyin da suka haɗu suka yi robar daga waje, shi ya sa tsohuwar kujera ke yin fari-fari tana barin gari a hannu. Maganinsa sinadarin kariya ne da ake haɗawa tun a masana'anta, ko baƙin garin kabon mai kama da ƙunƙunniyar hayaƙi, irin na tankuna da bututu.