Waiwaye: Yadda Injin Wankin Ƙoda Ya Samo Asali

Aikin ƙoda shi ne tace jini, ta fitar da datti da ruwan da ya yi yawa ta hanyar fitsari. Idan duka biyun suka mutu, guba ce ke taruwa a jiki, kuma kafin shekarun 1940 likita ba shi da abin yi illa ya zuba ido.

An jarraba wanke jinin dabbobi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka a 1913, Georg Haas kuma ya gwada a kan mutum a Jamus a 1924, amma ba a kai gaci ba. Wanda ya kai gacin shi ne Willem Kolff, wani likita a garin Kampen na ƙasar Holan. A 1943, lokacin da sojojin Hitler ke mamaye da ƙasarsa kuma kayan aiki sun yi ƙaranci, ya samo siririyar ledar selofan da ake ɗura nama a ciki, ya nannaɗe ta a jikin gangar katako, gangar na juyawa cikin kwatarnin ruwan gishiri. Jini na bi ta cikin ledar, dattin na tsatsowa ta ƙananan ƙofofinta zuwa ruwan. Marasa lafiyar farko kusan duk sun rasu. Sai a 1945 wata mata mai shekara 67 ta farfaɗo, ta ƙara shekara bakwai a duniya.

Sai dai a lokacin kowane wanki na ɓata jijiyar jini, don haka injin bai amfani wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya ba, tunda shi sai an yi ta maimaita masa wankin. A nan ne, a ganina, haɗuwar likita da injiniya ta fi nuna amfaninta. A 1960 a birnin Seattle na Amurka, Dakta Belding Scribner da Injiniya Wayne Quinton suka ƙera ɗan bututun robar Teflon da ake bari a jijiyar hannu don haɗawa da injin, jini ba ya daskarewa a ciki. Clyde Shields, wanda aka fara sa wa, ya rayu shekara 11.

Nasarar ta zo da tata wahalar. Injinan ba su da yawa, har aka kafa kwamitin mutum bakwai da ke zaɓen wanda za a wanke wa, suna duba shekarunsa da sana'arsa da iyalinsa. A 1972 majalisar dokokin Amurka ta ɗora kuɗin wankin a kan gwamnati.

A Najeriya an buɗe sashen wankin ƙoda na farko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas a 1981, Asibitin Malam Aminu Kano kuma ya fara dashen ƙoda a 2002. Mu ba mu da kwamiti, aljihu ne ke zaɓe. Ƙa'ida ita ce wanki sau uku a mako, kowanne kamar awa huɗu, amma da yawa sau ɗaya suke iya biya, bayan an sayar da gona ko an nemi taimako a masallaci. A yankin Gashuwa na jihar Yobe, inda ciwon ya yi ƙamari, har yanzu masu bincike na neman musabbabinsa.