Ma'anar "3D" a aikin allon bango na injin CNC

A Zariya, tun daga PZ har Samaru, da wuya ka wuce shagon masu allon talla ko na kayan adon ɗaki ba ka ga an rubuta 3D ba. Takardar liƙa wa bango 3D ce, silin 3D ne, har daɓen ƙasa bai tsira ba. 'Yan siyasa ma sun karɓe ta: a nuna hoton gadar da ko fegi ba a kafa mata ba a ce "ga 3D ɗin aikin", mai gabatar da shiri a rediyo ya yi ta maimaitawa sai ka ce an gama zuba kankare. Amma inda kalmar ta fi shan wahala shi ne hannun matasan da suka sayi ƙananan injinan sassaƙa katako masu aiki da kwamfuta, wato CNC, suna yin allunan rataye a bango: Bismillah, Ayatul Kursiyyu, sunan ango da amarya, Dagin Arewa. Duk abin da ya fito daga ƙarƙashin injin nan sai a ce masa 3D, a ɗora kuɗi a kai.

Cewa D ukun nan tsawo ne da faɗi da zurfi, wannan kowa ya sani, kuma bai raba gardama ba, tunda ko katakon da aka sauke daga mota yanzu yana da ukun. A wajen masu wannan sana'a tambayar ɗaya ce: wa ya yanke zurfin kowane wuri a jikin allon?

Injin dai ba ya ganin hoto. Lambobi yake karantawa: je nan, sauka milimita kaza, tafi can. Haka abin yake tun 1952 da aka gwada irinsa na farko a jami'ar MIT ta Amurka da takarda mai huji-huji, kwamfuta ce kawai ta maye gurbin takardar daga baya. Idan mai zane ya ja layuka ya ce wa manhaja ta ƙwaƙule bayan haruffa zurfin milimita 4, haruffan za su taso, ƙasansu a shafe, samansu a shafe. Hawa biyu ke nan, kuma sunansa 2.5D, biyu da rabi. Mafi yawan abin da ake tallatawa a matsayin 3D a garin nan shi ne wannan.

Akwai kuma aikin baki (ƙarfen da injin ke yanka katako da shi) mai tsini irin harafin V, wanda ya fi kowanne rikita mutane don yana da kyau ƙwarai. A nan faɗin layi ne ke jan zurfi. Layin da faɗinsa ya kai milimita 10, baki mai kusurwa 90 zai nutse milimita 5 kafin ya taɓa gefe da gefe, mai kusurwa 60 kuwa sai ya kusa milimita 9. Inda alƙalami ya sirance sai bakin ya ɗago, shi ya sa rubutun Larabci ke fitowa da kaifi kamar an sassaƙa da hannu. To amma zanen nan shimfiɗaɗɗe ne, lissafi ne ya ba shi zurfi. (Wanda zai yi Larabci ya fara mayar da rubutun layuka a manhajar zane ta Inkscape ko makamanciyarta, don wasu manhajojin sassaƙa suna tsinka haruffan ko su jera su daga hagu. Ƙ da ɗ da ɓ ma ba kowane salon rubutu ke da su ba. Allon da ya zama aya ce a kansa, a kai wa malami ya duba kafin a kunna inji.)

Mu ɗauki dagi, tunda shi aka fi nema. Abin da ya sa dagi ya zama dagi shi ne zaren yana hawa kan ɗan'uwansa a wannan mahaɗa, ya shige ƙarƙashinsa a ta gaba. A biyu da rabi, duka zaren tsayinsu ɗaya, sai dai a datse wanda ake so ya zama na ƙasa a bar ɗan gibi, ido ya cike sauran. A 3D na gaske kuwa dole mai zane ya gina kowane zare da ƙundu, ya ɗaga shi a hankali yayin da yake tunkarar mahaɗa, ya sauke ɗayan, a manhaja irin Aspire ko Carveco ko Blender. Kowane ɗigo na allon da tsayin da mutum ya zaɓa masa. Sannan a fara da baki mai shafaffen kai a kwashe tudun katako, a sauya zuwa mai zagayayyen kai ya bi allon layi bayan layi.

Nan kuɗin yake. Allo mai santimita 30 kowane gefe, baki mai milimita 3, ana matsawa kashi 10 cikin 100 na faɗinsa don kada a bar zane-zane: layi 1,000 ke nan, tafiyar mita 300. Idan injin yana cin mita ɗaya da rabi a minti, awa 3 da minti 20 ne, ban da kwasar farko, ban da goge-goge da samfefa. Ƙaramin injin nan 3018, wanda filin aikinsa santimita 30 ne da 18, ko allon ma ba zai ɗauka ba. Ga wuta da za ta iya ɗaukewa a awa ta uku, in ba ka ajiye alamar inda ka fara ba katakon ya tashi a banza. Wanda ya yi wannan ya ce 3D, ya ci halalinsa. Wanda ya ƙwaƙule bayan dagi cikin ɗan lokaci ya shafa ruwan gwal ya karɓi kuɗi iri ɗaya, sunan kawai ya sayar.

Ni abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne yadda kalmar ta sa ake raina biyu da rabi. A garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, a garin da zanen bango ya cika fuskokin zaure cikin birni? Ka tsaya gaban tsofaffin gidajen nan ka duba: akasari tudu ne da kwari, hawa biyu, inuwa da launi suka yi sauran aikin. Allon da za a rataye a falo a riƙa hangensa daga kan kujera, kaifin gefe ne ke fito da shi. Sassaƙa mai laushin ƙundu sau da yawa ɓacewa take in haske bai zo ta gefe ba, balle a kan MDF, wato allon garin katako da aka matse, da ba shi da jijiyar da za ta ƙawata shi kamar madaci.

Sai masu turo hoto ta WhatsApp su ce "a mayar min 3D". Akwai manhajar da ke yin hakan, tana ɗaukar fari a matsayin tudu, baƙi a matsayin rami. Sakamakon shi ne farin rawani ya yi tsiri, baƙin gemu ya zama kwari, gefen hancin da inuwa ta faɗa wa ya lotsa. Fuskar mutum sai an zauna an gina ta da hannu a kwamfuta, kuma ƙwarewa ce dabam da ta jan layi.

Ko 3D ɗin na gaske ma yana da iyaka a irin waɗannan injina. Bakin daga sama kawai yake saukowa, ba ya karkata, don haka ba zai iya ƙwaƙule ƙarƙashin komai ba. Zaren dagin da kake gani ya shige ƙarƙashin ɗan'uwansa a manne suke, babu ko ƙofar allura tsakaninsu. Mai son a huda ƙasan sai dai a ƙarasa da kurfi da hannu.