Waƙar Ƙarshe ta Farin Tsuntsu: Asalin Maganar "Swan Song"

A watan Agustan 2017, da ɗan tseren Jamaika Usain Bolt ya shiga filin wasa na Landan domin gasarsa ta ƙarshe, kafafen labarai na Turanci sun yi ta kiran abin "swan song". Wanda ya fassara ta da bankwana bai yi kuskure ba. Sai dai bankwana ce ta musamman: aikin ƙarshe da gwani ke yi kafin ya ajiye sana'a ko ya bar duniya, wanda ake fatan ya fi duk na baya kyau.

Swan tsuntsun ruwa ne fari fat mai dogon wuya, ɗan uwan dinya da agwagwa, ana samunsa a tafkunan Turai. Girkawan dā sun yi imani cewa idan ya ji ajali ya matso, sai ya rera waƙar da bai taɓa yin mai daɗinta ba. Maganar ta tsufa ƙwarai. Tana cikin wasan kwaikwayon Agamemnon da marubucin Girka Aeschylus ya gabatar a birnin Atina a shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa, inda aka kamanta kukan ƙarshe na Cassandra, wata mace da aka kashe a cikin wasan, da na wannan tsuntsu.

Inda ta fi taɓa ni shi ne labarin Socrates, masanin falsafa na Girka. A shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa aka yanke masa hukuncin shan guba. Almajirinsa Plato, wanda littattafan Larabci ke kira Aflatun, ya rubuta hirar ranar ƙarshe a kurkuku. Abokansa na cikin jimami, shi kuwa ya kawo musu misalin tsuntsun. Ya ce mutane ne, saboda tsoron mutuwa da ke ransu, suke ɗauka kukan baƙin ciki yake yi. Ai babu tsuntsun da ke waƙa yana jin yunwa ko sanyi ko ciwo. A ganinsa murna ce, ta bawan da zai koma wurin wanda yake bauta wa. Mutumin da ya rage masa 'yan sa'o'i ne ke wannan magana, shi ya sa nake ganin a nan kalmar ta sami nauyinta.

To, gaskiya ne tsuntsun yana yin haka? Tun a shekara ta 77 Miladiyya, masanin Rum Pliny Babba ya rubuta cewa an lura, kuma ba haka ba ne. Nau'in da aka fi gani a kogunan Ingila huci da gurnani ne yawancin muryarsa. Amma akwai wani nau'in na arewa mai ƙara kamar kakaki, wanda maƙogwaronsa dogo ne ya naɗe cikin ƙashin ƙirji. Idan yana mutuwa, iskar da ke fita daga huhunsa takan ba da wani dogon sauti. Wataƙila daga nan labarin ya tsiro.

Marubutan Ingila sun daɗe da sanin hoton. A wasan Othello na Shakespeare, Emilia tana gab da cikawa ta ce za ta zama kamar tsuntsun, ta mutu cikin waƙa. Ita kalmar da kanta kuwa aro ce daga Jamusanci, "Schwanengesang", ta kama ƙasa a Turanci wajen shekarun 1830. Kafin nan kaɗan, mawaƙi Franz Schubert ya rasu a Biyana, babban birnin Austria, a 1828 yana da shekara 31. Mai buga ayyukansa, Tobias Haslinger, ya tattara waƙoƙi 14 na ƙarshen rayuwarsa ya fitar a 1829 da wannan suna. Ba Schubert ne ya raɗa sunan ba.

Yau ana faɗarta ga ɗan wasa, ɗan siyasa, har da samfurin motar da za a daina ƙerawa, ko ƙarshen ya yi kyau ko bai yi ba. Bolt na uku ya zo a tseren mita 100, bayan Justin Gatlin da Christian Coleman. A tseren miƙa sanda kuma cinyarsa ta riƙe, ya faɗi a kan hanya. Aka kawo keken guragu ya ƙi hawa. Abokan tserensa uku ne suka raka shi, yana ɗingishi, har ya ƙetare layin.